Kwana Huɗu da Na Riƙe Saƙon Maigidana

Zuwa ga Hajiya Delu,

Assalamu alaikum. Don Allah Hajiya ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Wata goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da wannan magana ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Sunayen da zan ambata duk na canza su, nawa kuma ina roƙo kada a buga.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa. Shekarata goma sha uku da aure, 'ya'yanmu uku, maza biyu da mace ɗaya a tsakiyarsu, wadda zan kira Basira. Maigidana yana sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Tun da aka kai ni muna zaune a gidansu na gado wajen Ƙofar Mazugal, har bara da Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Magada sun yi yawa, gidan ba zai rabu ba, sai aka sayar aka ba kowa nasa. Abin da ya zo hannun maigidana ba zai sayi gida ba, muka tsaya a kan ya ƙara a jarinsa mu kama haya. Wanda ya sayi gidan ya ba mu wata uku mu tashi. Lokacin kuwa ana tsakiyar hidimar miƙa mulki ga farar hula, kowane bango fasta, masu gidajen haya duk sun ɗaga kai, wai siyasa ta dawo kuɗi zai shigo gari.

Kafin in ci gaba sai na gaya miki halin da Basira take ciki, don ita ce tushen maganar. Tana shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, a annobar nan ta casa'in da shida. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta ya tafi. Yarinya ce mai shegen surutu a da, har kakarta ke ce mata rediyo mai jini. Bayan ciwon sai maganar ma ta riƙa tsinkewa da kaɗan-kaɗan, har ta koma sai nuni da hannu, in ba a gane ba ta fashe da kuka. Ni aikina ne, na ga takardar gwajin da idona, na san jin nan ba zai dawo ba sai wani ikon Allah. Babanta kuwa bai taɓa yarda ba. Babu abin da bai nemo mata ba, rubutu, hayaƙi, man ɗigawa a kunne, har Gaya ya kai ta wurin wani mai magani. Na sa ta a firamaren unguwarmu, ta yi zango biyu a bayan aji tana kallon bakin malami, yara na tsokanarta, na cire ta. Duk ranar da na ɗauko zancen makarantar kurame ta Tudun Maliki sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. Sau ɗaya tak ya ba ni amsa, ya ce 'yarsa ba kurma ba ce, rashin lafiya ta yi, kuma ba zai kai ta da hannunsa inda za a tabbatar mata da wannan suna ba.

Wanda ya shiga nema mana gida dillali ne, Malam Ɗan'azumi, abokin maigidana tun suna yara. Ya zaga da mu sosai, Allah ya sani. Mun ga wani a Tarauni kusa da kasuwa, ginin zamani mai kyau, amma da aka faɗi kuɗinsa ko zama ba mu yi ba. Mun ga wani a Darmanawa mai sauƙi, sai dai damina ta riga ta faɗi, muka tarar da ruwa kwance har bakin ƙofa, kuma sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai titi. Daga ƙarshe ya rage saura biyu.

Na farko a Bachirawa yake, kan hanyar Katsina. Ɗaki huɗu, tsakar gida mai faɗi, rijiya a ciki, har da bishiyar gwaiba, kuma mota ɗaya ce zuwa Dawanau. Na biyun wata abokiyar aikina ce ta yi mini hanyarsa, a wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ciki da falo ne da ƙarin ɗaki ɗaya, tsakar gidan in an shanya wanki sai an sunkuya a wuce, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ga shi kuɗinsa ya kusa ninka na Bachirawa. Amma daga can da ƙafa zan je aiki, akwai firamare da Islamiyya a layin baya don mazan, sannan achaɓa ɗaya ne zuwa Tudun Maliki, yarinya ta je da safe ta dawo ta kwana gaban uwarta.

Maigidana ya zaɓi Bachirawa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce ko ta yaya dole ɗayanmu ya riƙa shiga mota biyu, to gara a bi inda aljihu zai huta, yara su sami wurin wasa. Na ce makarantun Gyaɗi-Gyaɗi sun fi, ya ce ko'ina akwai firamare. Ainihin dalilina kuwa na kasa furta shi, don na san da na ambaci Tudun Maliki an rufe maganar ke nan. Duk abin da na kawo sai ya fito kamar kusa da wurin aikina kawai nake so. Aka tsaya a kan Bachirawa.

Ana cikin haka tafiya ta kama shi zuwa Gashuwa sayen wake, ta mako guda. Ranar Litinin da zai fita ya ba ni kuɗin kafin alƙalami a ambulan, ya ce in kai wa Malam Ɗan'azumi a ranar, don mai gidan Bachirawa ya ce akwai masu nema, wanda ya riga ya kawo shi ke da gida. Hajiya, wallahi ban kwana da niyyar komai ba. Na yafa mayafina, na sa ambulan a jaka, na fito. A zaure na tarar da Basira ta rataya tsohuwar jakar makarantar yayanta, ta zauna a dokin ƙofa tana kallon 'yan mata na wucewa da kayan makaranta. Kullum haka take yi, ba ranar ta fara ba. Amma ranar sai na ga kamar an nuno mini ita a Bachirawa, shekara goma nan gaba, tana zaune a wata ƙofar. Na koma ɗaki na tura ambulan ƙasan akwati, na fita aiki ba tare da shi ba.

Talata da hantsi Malam Ɗan'azumi ya zo da kansa ya yi sallama har sau uku. Ina ciki, ina jinsa, na yi lamo har ya tafi. Sai ranar Juma'a na ɗauki kuɗin na kai masa. Ya dube ni, ya ce ai tun Laraba mai gidan ya ba wani, ya yi iya ƙoƙarinsa a jira, abin ya gagara. Da maigidana ya dawo na miƙa masa ambulan ɗinsa na ce na kai amma an riga mu. Bai tambaye ni wace rana na kai ba, ni ma ban faɗa ba. Saura kwana goma wa'adinmu ya cika, babu lokacin sabon nema, muka kama na Gyaɗi-Gyaɗi.

Abin da ban hango ba shi ne inda laifin zai faɗa. Maigidana ya ɗauka abokinsa ne ya ci amanarsa, ya ba wani gidan don an ƙara masa la'ada. Ya same shi a bencin da dillalai ke zama, ya gaya masa maganganu a gaban mutane. An ce Malam Ɗan'azumi bai ce komai ba sai "Allah ya huci zuciyarka." Tun daga ranar sai dai sallama in an haɗu. Aka yi haihuwa a gidansa, maigidana bai je suna ba, ni ma ya hana ni zuwa barka.

To Hajiya, ga inda kaina ya ɗaure: zaman nan ya zame mana alheri fiye da yadda na zata. Maƙwabciyarmu, Malama Binta, tana da ɗa a makarantar Tudun Maliki. Kullum maigidana na ganin yaron yana dawowa da littattafai, yana hira da uwarsa da hannu suna dariya. Da aka koma sabon zango, shi da bakinsa ya ce a gwada kai Basira na wata uku a gani. Yau watanta takwas. Kukan nan na rashin a gane ta ya tafi. Tana rubuta sunanta da na kowa a gidan, tana lissafi, ta yi ƙawaye, har ƙarar ƙaninta take kawo mini da hannu in ya taɓa mata kaya. Ta dage sai ta koya wa babanta maganar hannu, in ya yi kuskure ta kama yatsunsa ta gyara. Rannan na leƙo na same shi shi kaɗai a falo yana maimaita alamomin a ɓoye. Mazan ma sun samu makaranta mai kyau, ba sa tsallaka titi. Ni kuma in an tashi aiki, kafin a kira la'asar ina gida. Rabon da in ji hankalina ya kwanta haka tun kafin ciwon yarinyar nan.

Amma maigidana ne ke biyan farashin. Da an idar da asuba yake fita, ya shiga mota zuwa Bata, daga Bata ya nemi ta Dawanau. In ana wahalar mai sai ya yi awa biyu da rabi a hanya. Ya rame, wasu masu sayen sassafe sun koma wurin wasu, nama ma mun rage saboda kuɗin haya da na ruwa. Bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Makon jiya mai gidan ya aiko yana tambaya ko za mu sabunta, don shekara ta kusa cika. Tun kafin in buɗe baki maigidana ya ce za mu sabunta. Bayan ɗan aiken ya tafi ya ce mini da mun sami gidan Bachirawa da yarinyar nan ba ta ga aji ba, Allah ya fi mu sanin abin da ya dace da mu. Na ji wani sanyi a raina, a lokaci guda kuma na kasa haɗa ido da shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau kuwa, watan jiya Malam Ɗan'azumi ya kawo matarsa asibiti, muka yi kiciɓis a baranda. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni kamar ba komai, sannan ya rage murya ya ce, "Maman yara, na san ranar da kika zo, na kuma gane dalili. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. An ce Basira na karatu, Allah ya yi mata albarka." Ya wuce ya bar ni tsaye a wurin.

Hajiya, in gaya wa maigidana ko in bar kaza cikin gashinta? Ina tsoron ya ce don jin daɗin kaina na yi. Ina tsoron ya daina yarda da ni, ko zuciya ta ɗebe shi ya ce mu tashi. Wani lokaci in ce in je in roƙi Malam Ɗan'azumi gafara a ɓoye, shi ke nan. Kuma gaskiyar da ta fi damuna ita ce, ban yi nadamar gidan ba. In aka maido ni ranar Litinin ɗin nan, ban san ko zan yi dabam ba.

Taki,
Uwar 'ya'ya uku, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata.

Da farko barka. Yarinyar da ta shekara uku a kulle cikin shiru yau tana kawo ƙarar ƙaninta, wannan abin a yi wa Allah godiya ne, kuma kada damuwar da kike ciki ta hana ki jin daɗinsa.

Kin haɗa abubuwa biyu kin ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa suka yi miki nauyi. Zaɓin unguwar daidai ne. Gida ba faɗin tsakar gida kaɗai ba ne. Iyali kan duba wanda ya fi kowa rauni a cikinsu, su zauna inda shi zai iya rayuwa, masu ƙarfi su ɗauki wahalar hanya. Ba sai kin yi nadamar wannan ba, ni ma ban ce ki yi ba. Hanyar da kika bi ce ba daidai ba. An ba ki amana kin riƙe, an yi sallama kin yi shiru, sannan kin faɗi rabin gaskiya kin bar rabin ya yi aikin ƙarya. Kyawun sakamako ba ya wanke wannan.

Ki kuma yi wa maigidanki adalci. Lissafinsa na Bachirawa ba na wauta ba ne, na mai riƙe da gida ne. Ƙin makarantar da ya yi kuwa ba ƙin 'yarsa ba ne, ciwon uba ne da bai gama haɗiye abin da ya sami ɗiyarsa ba. Ke kin ga takardar gwaji, shi fata kawai yake da ita. Mutumin da yake keta Kano daga wannan gefe zuwa wancan kullum bai yi gori ba, yake ɓuya yana koyon maganar hannu, ba wanda za a ci gaba da yi wa rufa-rufa ba ne.

Da a ce maganar tsakaninku ku biyu ta tsaya, da wataƙila na ce ki tuba tsakaninki da Ubangijinki ki ja bakinki, don ba kowane asiri ake tonawa a zauna lafiya ba. Amma akwai mutum na uku. An kira Malam Ɗan'azumi maci amana a gaban abokan sana'arsa, shi kuwa dillali sunansa ne jarinsa. Ya rasa abokin yarinta, ya kuma zaɓi ya ɗauki ƙazafi don kada gidanki ya girgiza. Roƙonsa a ɓoye ba zai mayar masa da ko ɗaya ba. Yafe miki zai yi, na sani, amma har gobe mijinki na kallonsa da abin da bai aikata ba, yana kuma ɗaukar alhakinsa bai sani ba. Saboda haka ki faɗa.

Ki faɗa kuma kafin a biya kuɗin sabuwar shekara. Na san zuciyarki za ta ce ki bari sai an biya, lokacin ba halin tashi. Kada ki yarda, wannan maimaita abin bara ne da sabon zane. Bara kin ƙwace masa zaɓi. Bana ki mayar masa, ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi yana sane da yadda aka zo. Ban ce babu haɗari ba. Amma wanda ya ga canjin 'yarsa da idonsa, da wuya ya cire ta daga aji don ya hukunta uwarta.

Ki nemi ranar da bai fita kasuwa ba, ya ci ya huta, yara ba sa kusa. Ki fara da laifinki, ki faɗe shi yadda kika rubuto mini, har da sallamar da kika ƙi amsawa. Sai ki faɗi dalilin a taƙaice, ki yi shiru. Kada ki ce "ai ga shi ya zama alheri." Wannan maganar tasa ce, ki bari ta fito daga bakinsa in ya huce. Zai yi fushi, yana da haƙƙin yi, kuma rabin fushin kunyar abin da ya yi wa abokinsa ne. Ki ba shi kwanaki, ki ci gaba da hidimarki, kada ki kai ƙara ko'ina. In abin ya haura mako biyu, sai ki nemi babba ɗaya da yake jin nauyinsa, ɗaya tak.

Gyaran da ke tsakaninsa da Malam Ɗan'azumi shi zai yi da ƙafarsa, kuma ya fi kyau a bencin da aka yi ɓatancin, a gaban waɗanda suka ji. Ke kuma ki shirya ki je wa matarsa barkar da ba ki je ba, ki nemi afuwarsu su biyu.

Sai maganar hanya. Tunda ke kika sami sauƙi, ki ɗauki wani abu daga nauyinsa. An ce ƙarin albashin ma'aikata na tafe. In ya tabbata, ki ɗauke masa kuɗin ruwa da na achaɓar Basira, ku kuma zauna ku duba ko za a iya haɗa kuɗin babur, ya huta da jiran mota a Bata. In Allah ya hore muku fili nan gaba, ku nema a wannan ɓangaren, ku je ku gan shi da damina, ku gwada hanyar da safe lokacin cunkoso, ku tambayi matan layin ruwa da makaranta. Wannan karon kowa ya faɗi ainihin dalilinsa a fili, komai ɗacinsa. Mazan nan biyu ma a sa su koyi maganar hannu sosai, don su ne za su tsaya mata bayan ku.

Ke ba muguwar mace ba ce, uwa ce da tsoro ya sa ta bi ta bayan gida alhali ƙofa na nan. Ki tashi ki gyara tun da sauran lokaci. Allah ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya saka wa Malam Ɗan'azumi da alheri, ya buɗa wa Basira ƙwaƙwalwa, ya kuma ba ku gida naku na kanku cikin rufin asiri.

Hajiya Delu